Direban Randa

Akwai wani saurayi da aka yi a wata hillar Hausawa, wato ƙauye, kusa da Dindir, wajen shekarar 1967. Sunansa Mahadi. Shekarunsa ashirin da ɗaya, ba shi da yawan magana, kuma direban lori ne.

Motar ba tasa ba ce. Ta Baba Usmanu ce, wani dattijo da mahaifinsa ya taso daga ƙasar Sakkwato da niyyar Makka, ya yada zango a bakin kogi don ya noma guzuri, noman bai ƙare ba har ƙasa ta rufe masa ido.

Shekara biyu Mahadi yana tuƙa motar nan tsakanin hilla da kasuwar Sinnar. A shekara biyun kuwa ya samu sunan da bai roƙa ba.

Matan hillar magina ne. Suna gina randuna, irin waɗanda Larabawa ke ce wa zir, masu sanyaya ruwa. Shugabarsu wata tsohuwa ce, Iya Hannatu. Babu direban da ke son ɗaukar musu kaya. Randa tana cin wuri, ladanta kaɗan, ga shi dole a bi da ita a hankali. In aka ɗauki goma, uku sai sun fashe a hanya, sannan a tashi rigima.

Mahadi shi kaɗai yake tsaya musu. Yakan shimfiɗa ƙaiƙayi a ƙasan mota, ya jera randunan, ya cusa karan dawa a tsakaninsu, ya rage iskar taya, sannan ya kama hanya kamar mai rakiyar mara lafiya.

Sai abokansa direbobi suka sa masa suna Direban Randa. Wanda ya fi kowa iya tsokanar shi ne Jibo, mai tuƙa motar mahaifinsa, wanda ke alfahari ba a taɓa wuce shi a hanya ba.

Da damina ta zo ƙarshe, Baba Usmanu ya kira Mahadi.

"Zauna. Na yi niyya, zan ƙarasa hanyar da tsohona ya fara. Mota na bar maka ita, ka ci, ka ciyar da gidana. Amma da sharaɗi."

"Ina ji, Baba."

"Takardar ta'amin mai sunana tana mutuwa ƙarshen watan ga. Ka yo sabuwa da sunanka. In ba ka samu ba, in sayar da mota ga wani tajiri na Sinnar. Ba ni barin iyalina da mota maras takarda."

Ta'amin shi ne abin da ake kira inshora. In ba ka da shi, 'yan sanda ba za su bar ka ka haye madatsar Sinnar ba. In kuma tsautsayi ya sa ka buge mutum ko saniyar wani, sai gidanku ya biya.

Mahadi ya kwance abin da ya tara, jinai goma sha takwas na kuɗin ƙasar. Ya san tsofaffin direbobi sha shida suke biya, saboda haka hankalinsa a kwance ya tafi Sinnar.

Ofishin ta'amin ɗaki ɗaya ne a bayan kasuwa. Wakilin kamfanin wani mutum ne mai tabarau da furfura a gemu, kowa Afandi yake ce masa. Ya karɓi lasisin Mahadi, ya duba, ya dube shi.

"Shekarunka nawa, ya walad?" in ji shi, wato yaro da Larabci.

"Ashirin da ɗaya."

"Jinai talatin da biyar."

Mahadi ya zaci bai ji daidai ba. "Afandi, ai sha shida ake biya."

"Masu furfura ke biyan sha shida. Ku samari ƙafarku nauyi gare ta a kan totur. Rabin motocin da muka biya bara, yara ne suka kifar da su. Wa ya san ka? Ina shaidar cewa ka iya?"

"Shekara biyu ina tuƙi."

"Da sunan wani. Ma'alesh, sai haƙuri."

Mahadi ya fito, ya zauna a rumfar mai shayi, ya rasa abin da ke masa daɗi. Nan Jibo ya same shi.

"A'a, Direban Randa! Wa ya mutu?"

Mahadi ya gaya masa.

Jibo ya tuntsure da dariya, ya zaro wata takarda daga aljihu, mai hatimi ja har biyu. "Dubi wannan. Jinai biyar. Akwai wani mutum bayan tashar jirgi, yana rubuta maka kafin shayinka ya huce. Ku masu gaskiya za ku mutu da yunwa."

"Wane kamfani ne?"

"Mi ruwanka da kamfani? Ɗan sanda hatimi yake kallo. Tashi in kai ka."

Mahadi ya juya takardar. Jinai biyar. Da sauran sha uku a aljihunsa, kuma mota ta zama tasa a yau. Amma sai ya tuna ba ɗan sanda kaɗai ake yi wa takarda ba. In ya buge ɗan wani, wa zai biya? Gidan Baba Usmanu, shi kuwa yana can Makka.

Ya miƙa wa Jibo takardarsa. "Na gode. Riƙe abinka."

Ya koma ofishin Afandi don ya sake roƙo. Afandi ko ɗaga kai bai yi ba. Mahadi ya juya zai fita, ƙishirwa ta kama shi, ya tsaya a wata randa da ke bakin ƙofa ya ɗebi ruwa. Yana sha sai ya ga shaidar babban yatsa guda uku a ƙarƙashin bakin randar.

"Wannan ginin Iya Hannatu ne," ya ce. "Ni na kawo ta."

Afandi ya ɗago. "Kai ke kawo zir daga Dindir? A waccan hanya? Nawa kake fasawa a tafiya ɗaya?"

"Ban taɓa fasa ko ɗaya ba."

"Ya walad, ƙarya ba ta rage farashi."

"Ba ƙarya ba ce."

Afandi ya cire tabarau ya ɗan jima yana kallonsa. "To. Ni ba ni da ikon rage maka don tausayi. Amma ina da ikon rubuta abin da na gani da idona. Ranar kasuwa ka kawo mota cike da zir, zan zo in duba. In waɗanda suka fashe ba su wuce biyu ba, na rubuta ka a layin masu furfura. Amma ka sani, da an yi sallar azahar zan tafi tasha, ina da tafiya Madani ta mako biyu."

Mako biyu. Kafin ya dawo wata ya mutu, mota ta tafi.

Da Mahadi ya gaya wa Iya Hannatu, sai ta aika gida-gida. Mata suka fito da duk abin da suka gasa. Randa arba'in da biyu. Ta kuma aika wa 'yarta Sharifa, wadda ke aure a Sinnar tana sayar musu da kaya, cewa ga abin da ake ciki.

Ana gobe kasuwa, sai aka yi ruwan bankwana.

Wanda ya san baƙar lakar Dindir ya san abin da wannan ke nufi. Jiya hanya, yau kunu.

Suka tashi bayan sallar asuba. Iya Hannatu ta zauna gaba kusa da shi, da carbinta. Mota tana tafiya tana lilo, Mahadi yana bin tudu yana kauce wa sawun manyan motoci.

Da hantsi Jibo ya zo ya wuce su, mutane jingim a kan kayansa, yana watsa laka.

"Direban Randa! In ka iso jibi ka gai da Afandi!"

Mahadi ya ci gaba da bin tudunsa a hankali.

Rana ta kusa tsakiya suka iso wata ƙorama da ruwan jiya ya cika. Hanya biyu ce. Ko a afka mata da gudu a tsallake da ƙarfin mota, ko a sauka a gyara mashiga, abin da zai ci sa'a guda.

Iya Hannatu ta dubi inuwa, ta ga ta taƙure.

"Ɗana, taka ta. Ai mutumin ya yafe maka biyu. Randa ƙasa ce, in ta fashe mu gina wata. Mota fa?"

Mahadi ya riƙe sitiyari, yana kallon ruwan. Ya san in ya shiga da gudu, na baya ne za su bugu da juna.

"Iya, na wa ne a layin baya?"

Ta waiwaya baya. "Na Kulu."

Kulu mijinta ya rasu bara, da randunan nan take ciyar da 'ya'ya huɗu.

"To biyun da aka yafe mini, Afandi ne ya yafe, ba Kulu ba."

Ya kashe mota. Ya naɗe wando ya shiga ruwan yana taka ƙasa da ƙafa har ya gano inda take da ƙarfi. Ya saro rassan ƙaya ya shimfiɗa, ya kwaso duwatsu ya cike rami. Tsohuwa ma ta sauko, ta ɗaure zane tana miƙo masa rassa, tana mita.

"Taurin kai awa na ubanka, Allah ya jiƙansa."

Suka haye a hankali, ko ƙwas ba a ji daga baya ba. Amma suna kan hanya aka yi azahar.

A bakin madatsar Sinnar suka tarar da motar Jibo an jingine ta gefe, fasinjoji sun sauka suna faɗa. Wani ɗan sanda ya ɗaga takardar nan mai jan hatimi biyu yana tambayar Jibo inda ofishin kamfanin yake. Jibo sai kame-kame yake. Ashe babu kamfani mai wannan suna a ƙasar gaba ɗaya.

Aka duba takardar Baba Usmanu, da sauran kwana huɗu a jikinta. Aka ɗaga wa Mahadi hannu ya wuce.

Ya shiga kasuwa zuciyarsa ta riga ta karye, don ya san Afandi ya tafi.

Sai ga Afandi zaune a kan tabarma a rumfar Sharifa, jakarsa a cinya, finjalin gahawa a hannu, yana ta duban agogo. Sharifa kuwa tana gaban gawayi, tana soya wata sabuwar gahawa kamar wadda ba ta da wani aiki a duniya.

"Ya hajja, jirgi zai tafi ya bar ni!"

"Haba Afandi, ai jabana, gahawar nan tamu, ba a shan ta zagaye biyu a tashi. So kake a ce na wulaƙanta baƙo? Saura na uku, yanzu zan daka." Ta ɗago, ta ga motar. "To, ga su nan ma."

Afandi ya miƙe. "Ka makara, ya walad."

"Na makara, Afandi."

"Sauke mu gani. Da sauri."

Aka fara saukewa. Afandi ya san abin da yake yi, don tsaga ba kullum ido ke ganinta ba. Kowace randa aka ajiye, sai ya lanƙwasa yatsa ya ƙwanƙwasa cikinta. Lafiyayya takan yi ƙara mai tsawo, mai tsaga kuwa muryarta a dushe take.

Ta ɗaya ta yi ƙara. Ta biyar. Ta goma sha biyu. Mutanen kasuwa suka fara taruwa. Masu albasa suka bar albasarsu. Da aka kai talatin, jama'a ce ke ƙirga masa da baki. Aka zo layin baya, na Kulu. Ya ƙwanƙwasa, ya sake ƙwanƙwasawa, har ya kara kunne.

"Arba'in da biyu!"

Sharifa ta rangaɗa guɗa. Matan kasuwa suka karɓa, Hausawa da Larabawa, har tantabaru suka tashi daga kan rumfuna.

Afandi ya dubi lakar da ta bushe a ƙafafun Mahadi har gwiwa.

"Me ya tsayar da kai?"

Mahadi ya sunkuyar da kai. Iya Hannatu ce ta ba da labarin ƙorama, da na randunan Kulu, ba ta rage komai ba.

Afandi ya gyaɗa kai. Ya zauna a kan wata randa da aka kife, ya buɗe jaka, ya ɗora takarda a gwiwa ya rubuta, ya buga hatimi.

"Sha shida. Wanda bai yarda ya fasa randar bazawara don kansa ba, ba zai fasa mana mota ba." Ya dubi agogo. "Jirgi kuwa ya tafi. Ya hajja, kawo na ukun."

Washegari Mahadi ya ajiye takardar a gaban Baba Usmanu. Tsoho ya sa aka karanta masa sunan da ke kai, ya ciro makullin mota ya damƙa masa. Mahadi da kansa ya kai shi tashar jirgi ranar tafiya.

Motar su Jibo wata guda ta yi a hannun hukuma, daidai lokacin kakar riɗi. Duk riɗin hilla a shekarar nan Mahadi ya kwashe shi zuwa kasuwa. Amma kowace ranar kasuwa, randuna yake fara lodawa.

Da aka kai motar fenti, mai rubutu ya tambaye shi abin da za a rubuta a goshinta. Ya ce a rubuta da manyan baƙaƙe, yadda Jibo zai iya karantawa daga nesa: Direban Randa.

Darasi: Abin da ka samu da arhar ƙarya, da tsada za ka biya shi. Arha ta gaskiya hali ke sayo ta, kuma ƙaramin aikin da ake yi maka dariya a kansa yau, shi zai tsaya maka shaida ranar da ba ka da kowa. Ku tura wa samarinku masu tuƙi su karanta, musamman masu nauyin ƙafa.