Kayan Kwana Uku

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Fiyayyen halitta. Duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban Shehinmu na Bebeji, malamin malamai, ma'abocin tsantseni da zuhudu, wanda ya haddace Alƙur'ani tun gemu bai fito masa ba, ya kuma ƙarar da ƙuruciyarsa a kan fiƙihu da tafsiri, ya san Allah Ya ba shi wani abu wanda karatu kaɗai ba ya bayarwa. Ba ya ɗaga murya, ba ya tsawaita magana. Na rubuta wannan labari ne don na ji ana ɓata shi a majalisu, wasu suna cewa rafi ya tsage gida biyu, wasu suna cewa dace ne kawai. Dukkansu ba su yi wa Shehi adalci ba, kuma wajibi ne su gyara bakinsu. Ga yadda aka yi.

Hedimasta Balarabe ya yi shekara talatin da ɗaya yana koyarwa a Minna kafin ya yi ritaya, ya kwaso iyalinsa ya dawo gidan mahaifinsa a Bebeji. Wata huɗu da dawowarsa Babbar Sallah ta zo, a tsakiyar damina. Al'adar zuriyarsu ce washegarin Sallah kowa da kowa ya hallara a gidan babban dangi. Ya zauna ya ƙirga: baffanninsa sun rasu, yayyensa maza biyu sun rasu, ashe yanzu shi ne babba. Ya sa aka share zaure aka shimfiɗa tabarmi, matarsa Hajiya Zubaida ta tuƙa tuwon shinkafa har tukunya uku.

Tun hantsi yake zaune cikin babbar riga. Ƙaurin kan rago da ake babbakawa a maƙwabta ya mayar da shi shekara hamsin baya, lokacin da gidan nan ba ya ɗaukar mutane ranar irin wannan, takalma jibge a ƙofar zaure, mata suna ta shewa a cikin gida, shi da 'yan'uwansa suna faɗa a kan wanda zai riƙe wa Baba ƙafar rago. Azahar ta yi, la'asar ta wuce, ban da maƙwabta biyu babu wanda ya leƙo. Da yamma aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya, tuwo ya kwana a tukunya.

Da safe ya rubuta takardar ƙorafi shafi biyu, da sunan kowane ɗan'uwa da ya ƙi zuwa, ya nufi zauren Shehi.

"Allah Ya gafarta Malam, an wulaƙanta ni a gidan ubana. Ina so a kira su ɗaya bayan ɗaya su faɗi laifina, ko su ba ni haƙuri a gaban jama'a."

Shehi, Allah Ya ƙara masa yarda, ya karɓi takardar ya sa ƙarƙashin buzunsa, bai buɗe ba. Ya ce, "Hedimasta, ka iya lissafi, amma maza kaɗai ka ƙirga. Cikin waɗanda suka goya ka, wa ya rage?"

Sai a lokacin Balarabe ya tuna. Gwaggo Kaltume, ƙanwar mahaifinsa, tana nan da ranta a wani ƙauye bayan Ɗansoshiya, ta haura tasa'in, idanunta sun tafi. Tun da ya dawo yake cewa zai je, sai an gama fentin gida, sai an gama shuka.

"Ka tafi yau," in ji Shehi. "Ka ɗauki kayan kwana uku."

"Malam, ai tafiyar awa biyu ce. Kafin magariba na dawo."

"Ka ɗauka dai."

Ya ɗauka, yana gunaguni a ransa. Mota ta sauke shi a Kwanar Dangora, ya hau acaɓa har bakin rafin da ke gaban ƙauyen. Nan ɗan acaɓa ya kashe mashin. Rafi ya cika ya tumbatsa, ruwa jawur, yana tafe da rassan itace.

"Baba, nan ne ƙarshen hanya. Tun jiya ko saniya ba ta ƙetare ba."

Wasu matan Fulani uku suna zaune a gindin wata ɗorawa da ƙoren nono, tun safe suke jira. Balarabe ya ga komawa ita ce hankali, amma ya tuna an ce masa yau. Ya yi alwala, ya tayar da azahar a bakin gaɓa. Yana sallamewa ya ji ɗaya daga cikin matan tana salati. Ruwa ya janye har duwatsun mashigi sun bayyana. Bai tsage ba, sauka ya yi. Balarabe ya naɗe wando ya shiga, bai wuce masa ƙwauri ba, matan suka biyo shi. Bai gama sa takalmi a ɗaya gaɓar ba suka ji ruri daga sama, rafi ya koma yadda yake, har ya fi. Ya duba agogo, minti goma sha biyu ne. Ɗan acaɓan da matan nan uku duk suna raye, mai shakka ya je ya tambaye su.

Gidan Gwaggo cike yake da dangin da ya rubuta sunayensu, ruwa ya tsare su tun jiya. Surajo, ɗan Gwaggo, taubashinsa, shi ya fara hango shi.

"Jama'a, a miƙe tsaye, sufeto ya zo duba makaranta! Ta ina ka biyo, ta sama?"

"Rufe mini baki, bawana. Me ya hana ka gaya mini nan ake taruwa?"

"Au, sai an aiko maka da sakula daga ofishin ilimi kafin ka san hanyar gidan gwaggonka?"

Ya shiga ɗaki ya durƙusa. Tsohuwa ta juyo da kunne. "Wane ne?"

"Balarabe ne, Gwaggo."

"Wane Balarabe? Nawa guda ne, ɗan Yaya Umaru, kuma an ce mini yana Bebeji ya shimfiɗa tabarma yana jira in je in gaishe shi."

Hedimastan da ɗalibai dubu suke rawar jiki a gabansa ya kifa kansa a gwiwarta yana kuka. Ta cire masa hula ta shafa kan. "Har da sanƙo! Yaron da ya yi mini fitsari a zanen aurena." Ta ɗaga murya ta ce a kawo naman da ta sa aka ware. "Kowace Sallah sai na ce a ajiye kasonka, kowace shekara Surajo ke cinyewa."

"Bana dai ka ja mini asara," in ji Surajo.

Kwana uku cur rafi bai sauka ba. A cikinsu Balarabe ya san 'ya'yan ƙannensa da jikokinsu, ya ji wa aka haifa, wa aka binne yana Minna. Kullum da hantsi yakan zauna kusa da Gwaggo tana ba shi labarin mahaifinsa, abubuwan da babu sauran mai saninsu a duniya sai ita. Safiya ta huɗu ruwa ya janye. Da aka zo sallama ta riƙe hannunsa ta ce wa dangi, "Baɗi in babu ni, Bebeji za ku. Yanzu ya san ku, kun san shi." Bayan girbin shekarar Allah Ya karɓi abarSa, kuma Balarabe ne ya ja sallarta.

Ranar da ya dawo, kafin ya shiga gida ya zarce wurin Shehi, zai ba da labarin rafi. Shehi ya ɗaga hannu ya ce, "Ruwa na Allah ne, Hedimasta. Yaya ka baro tsohuwa?"

Tsarki ya tabbata ga Wanda Yake sanar da bayinSa salihai abin da Ya so. Allah Ya ja kwanan Shehinmu, Ya ƙara masa kusanci, Ya jiƙan Gwaggo Kaltume da iyayenmu baki ɗaya. Ya Ubangiji, Ka ba mu albarkar wannan bawa naKa, kada Ka bar mu mu makara wajen waɗanda suke jiran sallamarmu. Amin.