Kumfar Gidan Hakimi

An yi wani hakimi a Rafin Gora mai son farfesun tarwaɗa kamar ransa. Ran nan ya kai loma, sai ya ji ɗanɗanon sabulu. Duba-gari ya ce, "Ranka ya daɗe, na lissafa. Ruwan wanki ke gangarawa kogi. In rani ya yi, ruwa ya ja, kifin nan ƙarewa zai yi."

Hakimi ya sa aka kamo Jatau mai wanki.

"Kai ke zuba mini sabulu a farfesu? Kafin gobe ka tsame kumfarka kaf daga kogin nan, ko ka bar garin!"

Jatau ya durƙusa. "An gama, ranka ya daɗe. Sai dai ina tsoron sata."

"Satar me?"

"Kwatar gidanka ma kogin take shiga. In na kwaso har da kumfarka, mene ne hukuncin wanda ya taɓa kayan fada?"

"Bulala hamsin!"

"To ka gani. A ware ta fada gefe guda, ni in kwashi tawa."

Hakimi ya daka tsawa, "Wa zai iya bambance kumfa da kumfa?"

"Au! To yaya harshenka ya gane tawa a cikin farfesu?"

Fadawa suka sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa. Can hakimi ya ce a haƙa rami, kowa ya riƙa zuba ruwan wankinsa a ciki.

Jatau ya ce, "A zurfafa shi, ranka ya daɗe. Rigunanka goma sha biyu suna wajena."