Ƙamshin Tumu a Tsakiyar Bazara

An yi wani mutum a nan Potiskum da ya ƙone geronsa da bakinsa. Bai ƙyasta ashana ba, bai ɗauko garwashi ba. Magana ya yi sau biyu, shi ke nan.

Ba za a faɗi sunansa ba, don 'ya'yansa suna raye. A kasuwa Mai Zango ake ce masa, saboda yana da fili a bayan kasuwa inda fatake masu jakuna ke sauka. Sana'arsa kuwa hatsi.

Ya 'yan uwa, lokacin babban yaƙin Turawa ne, shekarun da ake ɗibar maza zuwa haƙar kuza a Jos, ana bin su da hatsi. Damina kuma ta yi gardama. Mai Zango yana da ido, wannan ba a ƙwace masa ba. Tun da kaka da ya ga yadda zangarniya ta fito 'yar firit, sai ya bi ƙauyuka, Danchuwa, Nangere, har wajen Fika, yana sayen gero kaɗan-kaɗan.

To ina ya kai shi? Bai yi rumbu ba, don rumbu daga nesa ake hango shi. Ramuka bakwai ya sa wasu 'yan ci-rani suka haƙa masa a filin nan, suka gama suka wuce garinsu. Aka shimfiɗa ƙaiƙayi a ƙasa, aka jera zana a gefe, aka zuba gero, aka sake rufewa da ƙaiƙayi, aka bi da ƙasa. Don kada ya manta wurin, a kan kowane rami ya kafa dirka, ya nutsa ta har ta taɓo ƙaiƙayin. A kan dirkokin ya ɗora rumfar kara. Fatake suka zo suka shimfiɗa tabarminsu, jakuna suka tattake wurin. Wa zai ce akwai abinci a ƙarƙashin kashin jaki? Duk sanda ya wuce ya ƙirga dirkokinsa da ido, sai ya ji daɗin wayonsa.

Bazara ta shigo, gero ya ɓace a kasuwa. Mata suka koma dafa ganye da dusa. Shi kuwa yana jira abin ya ƙara tsanani.

Wata safiya ƙanwarsa Halimatu Sadiya ta zo da ƙwarya a hannu. Uwa ɗaya uba ɗaya suke. Mijinta yana cikin waɗanda aka ɗiba zuwa kuza, 'yarta Jamilatu kuma tana kwance ba ƙarfi.

Ta ce, "Yaya, ko na kunu ne. Yarinyar nan ba ta iya haɗiye ganye."

Ya san in ya ba ta, maƙwabta za su ji dakan, su tambaya. Sai ya ɗaga hannu ya ce, "Halima, wallahi in ina da ƙwayar gero a garin nan, wuta ta ci."

Wannan ita ce magana ta farko. Ta kife ƙwaryarta a ka ta tafi.

Yunwa tana sa mutane tunani. Aka fara tambaya a kasuwa: geron da aka saya da kaka, wa ya saye shi, ina kuma ya shiga? Wani mutumin Danchuwa ya ce shi dai ya san wanda ya sayar wa. Mai Zango ya ga idanu sun fara juyowa wajensa. Ranar nan bayan la'asar, a majalisar 'yan hatsi, ya gyara zama ya ce, "Ni dai ban ce komai ba. Amma jakin da ya shigo da kanwa, da me yake komawa?"

Wannan ita ce ta biyu. Masu kanwar kuwa baƙinsa ne, a rumfarsa suke kwana. Babbansu wani dattijo ne, Kyari, shekara goma sha yana sauka wajensa.

Lissafinsa shi ne a kore su, zargin ya bi su, shi ya huta. Abin da bai lissafa ba shi ne yadda magana ke tafiya a garin nan mai harsuna da yawa. Ta fita daga bakinsa da Hausa tana tambaya. Da ta shiga Bolanci ta zama an ce. Da ta shiga Ngizimanci ta zama an gani. Kafin ta zago ta dawo Hausa, har an samu wanda ya rantse shi ya taya su ɗaurin kaya.

Ranar kasuwa da tsakar rana mutane suka taso wa zangon, da sanduna da taɓare. Kyari ya riƙe hannun rigar Mai Zango ya ce, "Maigida, kai ne mai masaukinmu. Ka san abin da ke cikin mangalolinmu. Faɗa musu mana!"

Mai Zango ya zare rigarsa, ya kau da kai.

Sai ya hango wani ya zaro itace mai wuta daga murhun mai ƙosai ya nufi rumfar. Ya yi ihu, "Ku bar rumfar! Rumfar tawa ce!"

Wani daga cikin taron ya ce, "Kara ne fa, Mai Zango! Da kaka ma yi maka sabuwa!" Aka yi dariya.

Ku duba nan, ya 'yan uwa. Kalma ɗaya ta rage masa. Da ya ce akwai gero a ƙasa, da ba mai kusantar wurin da wuta, mayunwaci ba ya ƙona abinci. Da ya ji kunya, da an wawashe, amma da gari ya ci. Ya zaɓi shiru.

Kafin 'yan doka su iso rumfa ta zama toka. Jakunan Kyari uku sun mutu a ɗaure, shi kuma hannunsa ya ƙone wajen kwance igiya. Suka bar garin a ranar, ba su sake dawowa ba.

Da yamma Mai Zango ya zaga filin. Ƙasa lafiya lau, ba ta tsage ba. Ya yi ajiyar zuciya. Bai kula da dirkokin ba. Sun ci sun cinye har sun shige cikin ƙasa, kowace ta bar ɗan rami baƙi. Duk macen da ta taɓa girki da ƙaiƙayi ta san halinsa: ba ya yin harshe, ba ya mutuwa, a hankali yake ci ta ciki.

Washegari aka tashi da wani ƙamshi a gari. Ƙamshin tumu. Mutane suka yi ta ɗaga hanci suna duban juna. Tumu a bazara, ko shuka ba a yi ba? Wasu suka ce aljanu ne ke biki. Wasu suka ce yunwa ce ta fara taɓa musu kai. Yara suka yi ta kuka suna cewa a ba su.

Mutum ɗaya ne ya san amsar. Kuma a ranar, da ya ɗauko fartanya ya kira jama'a, da an ceci mafi yawa, don sama-sama wutar take. Amma tono a gaban mutane za a yi shi. Ya ce wa kansa ƙila ta mutu da kanta. Ya jira kwana ɗaya. Ya ƙara ɗaya.

A rana ta huɗu ya je filin, ya tarar da mace tsaye cikin toka da taɓarya. Halimatu Sadiya ce. Shekaranjiya aka binne Jamilatu. Ƙamshin ta bi lungu-lungu har ya kawo ta nan. Tana buga ƙasa tana saurare, ta matsa ta sake bugawa. Da ta zo kan ɗan ramin dirka, ƙasa ta amsa kamar ganga, ta rufta, hayaƙi ya taso.

Ta dube shi ta ce, "Yaya, ka ce wuta ta ci. To ga shi ta ci."

Aka tone duka bakwai. Gawayi ne, sai ɗan abin da ya rage a ƙasa, mai ɗaci, shi ma aka yi rububinsa.

Me ya kai shi? Ba wayo ya rasa ba. Ya ɓoye abinci mutane na mutuwa, ya rantse da Allah a kan ƙarya, ya jingina laifinsa a kan baƙon da ke ƙarƙashin amanarsa. Sau uku aka buɗe masa ƙofar tuba: gaban ƙanwarsa, gaban taron, da safiyar ƙamshin. Duk ya rufe, don kada a ce. Kai da ke da wani abu a binne yau, hatsi ne ko magana, ƙofa ta nawa kake?

Ba wanda ya doke shi. An dai daina sayar masa, fatake suka daina sauka. Abin mamakin shi ne, tun daga ranar gero ya ƙi zama a cikinsa. Fura, kunu, tuwo, da ya kai baki sai ya ji ƙauri, ya amayar. Damina ta gaba ta yi kyau, rumbuna suka cika, yara na gasa tumu a kowace ƙofa. A cikin wannan kakar ya mutu, a rame kamar kara, da ƙwaryar fura cike a gefensa.

Allah ya kiyaye mu da bakinmu, ya kiyaye baƙonmu da mu. Amin.