Gawarwakin Cikin Zoɓon Inna Tabawa

Lokacin da aka ɗauke ni aikin duba-gari, gani nake ba wanda ya kai ni ilimi. Wata ranar kasuwa na tsaya a kan Inna Tabawa mai zoɓo. Rana ta take, randarta kuma babu ko ƙanƙara.

Na ce, "Inna, zoɓon nan cike yake da ƙwayoyin cuta. Zubar da shi zan yi."

Ta ce, "Haba, ɗan nan! Man kanumfari nake ɗigawa, in haɗa da citta. Su ke kashe su, shi ya sa ba ya lalacewa."

Da na ga mutane sun taru, sai na gyara tsayuwa. "To, nuna mini gawarwakinsu, ko in kifar da randar nan yanzu."

Ta yi jim, sannan ta ƙwala wa mahaucin da ke kusa kira: "Taho da wuƙarka!"

Na ce, "Wuƙar me?"

"Ai gawarwakin suna cikinka, Yallaɓai. Wata uku ke nan matarka na saye a nan, ta juye a kwano ta ce maka ita ta dafa. Da masu rai ka sha, da tuni kana asibiti. Kwanta a buɗe ka, kowa ya gani."

Kasuwa ta kwashe da dariya. Na sassauta murya na ce, "Na yarda sun mutu, Inna."

Abin da ya fi ba ni haushi, duk ofishinmu ba wanda ban yi wa alfahari da zoɓon matata ba.