Kurege da Karcen Motar Baba Jaki

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, mu ga inda za ta sauke mu.

To, ku matso kusa da wuta. Ke Tasalla, rufe kwanon gyaɗar nan, labarin Kurege za a yi, in ya ji ƙamshi fitowa zai yi.

Akwai wani tsohon jaki, ana ce masa Baba Jaki. Tun yana saurayi yake dakon yashi daga rafi zuwa gari, har bayansa ya lanƙwashe. Da ƙarfi ya ƙare, sai 'ya'yansa suka haɗu suka saya masa mota sabuwa fil, suka ce, "Baba, ka ɗauki duniya ya isa, yanzu kai za a ɗauka." Kun san halin mutanenmu da sabon abu, ba a cire masa leda don kowa ya san sabo ne. Baba Jaki ya kafa doka, ya ce ko ledar madubi kada wanda ya taɓa.

A duk jikin motar ba abin da yake so kamar wata baƙar roba mai sheƙi da ke tsaye tsakanin ƙofar gaba da ta baya. In ya tsaya gabanta yana ganin fuskarsa har da kunnuwa. Ita ma akwai leda manne a kanta, siririya ƙwarai, amma idon tsoho ya yi rauni, bai ma san da ita ba. Wanda ya sani shi ne Kurege, don shi ke wanke motar kowace safiya.

Maƙwabciyar Baba Jaki kuwa Goggo Beguwa ce, mai sayar da man shanu. Ran nan sai ga ta da gudu-gudu, ƙwarya a kai, ta ce 'yarta da ke aure can bayan duwatsu ta sauka, haihuwar fari, ranar Laraba suna.

Ta ce, "Malam, ka san ƙafafuna ba sa kai ni ko'ina. Motar haya kuma ba ta ɗaukata, fasinjoji sun ce ina sukarsu. Ka taimaka ka kai ni in ga jikana."

Baba Jaki ya ce, "Wannan ai ba roƙo ba ne. Laraba da safe ki shirya."

Murna ta kama Goggo, ta rangaɗa guɗa, ta juya za ta taka rawa. Ƙayarta ɗaya ta shafi baƙar robar nan, ƙiii, ta bar farin layi daga sama har ƙasa.

Baba Jaki ya duba, ya ga fuskarsa ta rabe biyu. Ransa ya ɓaci, bakinsa ya riga hankalinsa. Ya ce, "Na rantse, muddin karcen nan yana jikin motar nan, ba ki shiga cikinta." Ya shige gida ya ja ƙyaure.

Goggo ta zauna a ƙasa tana share hawaye. Kurege ya matso, ya bi layin da farce, nan take ya gane leda ce kawai ta karce, da zai kama gefe ya ɓare, magana ta ƙare. Har ya buɗe baki zai faɗa. Sai iska ta kaɗo masa ƙamshin ƙwaryar Goggo. Ya dubi karce, ya dubi ƙwarya, ya sake duban karce.

Ya ce, "Goggo, daina kuka. Wannan ciwon mota ne, kuma na san maganinsa. Man shanu yake so, curi guda kowace safiya."

Goggo ta ce, "Ɗan nan, in dai zan ga jikana, ɗauki har ƙwaryar."

Washegari ta kawo curi. Kurege ya lakata da yatsa ya shafa a layin, mai ya cike karcen, layi ya ɓace. Yatsa ɗaya ga mota, sauran ga ciki. Aka kira Baba Jaki ya duba, ya gyaɗa kai. Amma da rana ta take, mai ya narke ya tsiyaye, farin layi ya dawo yadda yake.

Kurege ya girgiza kai, ya ce, "Ciwon ya yi zurfi, Goggo. Sai an ƙara magani."

Gari ya waye ta kawo curi. Yatsa ɗaya ga mota, sauran ga ciki. Gari ya sake wayewa ta kawo curi. Yatsa ɗaya ga mota, sauran ga ciki. Kurege ya yi ɓulɓul, wuyansa ya yi naɗi, Goggo kuwa tana ta ramewa don tunani. Ni dai har yau in na zo nan haushinsa nake ji.

Ranar Talata da tsakar rana kowa ya shige inuwa. Kurege ya cika ciki, ya shiga ƙarƙashin mota yana minshari. Sai ga Kura ta biyo hanya, hancinta ya ja ta har jikin robar. Ta lasa, ta ji garɗi. Ta ƙara lasa, harshenta kuwa kamar dutsen goge kaushi. Leda ta ɓare, ta haɗiye ta. Ta ci gaba da lasar robar tsirara, har ta ce bari ta ji ko akwai nama a ciki, ta kafa haƙori ɗaya ta ja. Ta ji ba nama, ta yi tsaki ta wuce.

Kurege ya farka, ya fito yana miƙa, ya ɗaga kai. Sheƙi ya tafi. Roba ta yi fari-fari da ƙananan karce ba iyaka, ga wani rami dogo daga ƙasa inda haƙori ya bi. Ya san ƙafar bayan Baba Jaki ba ta tsufa ba. Ya fara auna hanyar daji da ido.

Yana shirin arcewa sai ga Goggo, riƙe da wani ɗan ƙoƙo a rufe da faifai. Ta ce, "Ɗan nan, ƙwarya ta ƙare. Wannan na ajiye ne in kai wa mai jego ta riƙa sawa a tuwo. Karɓi, gobe ce Laraba. Gara in je hannu wofi da in zauna a gida."

Kurege ya dubi ƙoƙon, miyansa ya tsinke, amma hannunsa ya ƙi miƙuwa. Kunya ta kama shi, abin da bai taɓa ji ba tun da aka haife shi.

Ya ce, "Mayar da shi, Goggo. Motar ta ƙoshi. Samo mini man goge haƙori da ruwa mai tsabta."

Ku sani Kurege ya iya aikinsa, kwaɗayi ne kawai ke hana shi yi. Ya fara wanke robar tas, don ko ƙwayar yashi ɗaya ta rage sabon karce za ta yi. Ya duba tsummansa, ya ga duk ƙasa ne. Ya rasa abu mai laushi, sai ya waiwaya ya ga wutsiyarsa. Ya ɗiga man goge haƙori a kanta, ya juya baya, ya shiga murzawa a hankali yana kewayawa. Ya murza, ya ɗauraye, ya duba. Ya murza, ya ɗauraye, ya duba. Goggo tana gefe tana masa fifita tana sa masa albarka, kowace albarka kuwa kamar an tsunkule shi.

Kafin rana ta faɗi ƙananan karcen duk sun tafi, sheƙi ya dawo har ya fi na da. Amma ramin haƙorin Kura yana nan. Kurege ya sa farce, farce ya maƙale a ciki, ya san wannan ko zai murza har wutsiya ta ƙare ba ya fita.

Laraba da safe Baba Jaki ya fito da babbar riga. Ya tarar da Kurege a maƙale jikin ƙofa, wutsiya a miƙe ta rufe ƙasan robar.

Kurege ya ce, "Baba, ina kwana? Duba da kyau, karcen Goggo yana nan?"

Baba Jaki ya matso da ido, ya ga fuskarsa guda, kunnuwa tsaf. Ya ce, "Babu shi."

"To rantsuwa ta sauka. Goggo, bismilla."

Goggo ta shimfiɗa buhu a kujera saboda ƙaya, ta shige da ƙoƙonta, ta ja ƙofa.

Baba Jaki ya ce, "Kai kuma sauke wutsiyar nan."

"Tana shan iska ne, Baba."

"Na ce sauke."

Ya sauke. Tsoho ya ga ramin. Kurege ya zayyana masa komai, da leda, da man shanu, da Kura. Sai Baba Jaki ya juya baya ya fara daidaita ƙafafu.

Kurege ya ƙanƙame robar, ya ce, "Baba, tsaya ka ji. Ni ɗan mitsitsi ne, kofatonka kuwa faffaɗa. In ka yi shuri, ni da ƙofar za mu tafi tare. Amma in ka bar ni, zan bi ku a maƙale, in rufe ramin da wutsiya, har mu je mu dawo ba wanda zai gani."

Baba Jaki ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama, ya yi lissafi, ya ga gaskiya ne. Ya sauke ƙafa. Ya leƙa ta taga, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Beguwa, ashe leda kika karce, na sa ki kuka a banza. Ki yafe mini."

Ta ce, "Malam, tada mota, kada a raɗa suna ba mu."

Haka suka tafi, Kurege a maƙale kamar kwandasta, iska tana cika masa baki. Suka isa ana raba goro. Goggo ta shige ɗaki, aka miƙo mata jariri, ƙayoyinsa ko tauri ba su yi ba. Ta rungume shi.

A waje kuwa jama'a sun kewaye mota suna yaba sheƙi, Kurege na tsaye ba halin motsi. Aka wuce da waina ta gabansa. Aka wuce da dambu. Aka wuce da soyayyen nama. Duk ya bi su da ido, wutsiya a sama tana rawa don gajiya.

Can da la'asar sai ga Goggo ta fito da jikan a kafaɗa da kwano a hannu. Ta ajiye kwanon a gabansa, ta juya baya ta jingina kusa da robar, ta baza ƙayoyinta suka rufe ramin ba tare da sun taɓa shi ba.

Ta ce, "Sauke wutsiya ka ci, ɗan nan. Na tsare maka."

Ƙurunƙus kan wutsiyar Kurege. Wanda ya ga karce a motarsa ya fara neman bakin leda kafin ya nemi bakin rantsuwa. Kuma in kun ga Kurege a gefen titi tsaye da wutsiya a sama, kada ku ce gaisuwa yake yi, ku leƙa bayanta.