Sunan Ɗan Uwani

Ku gyara zama ku saurara da kyau, don in na kai ƙarshe ku ne alƙalai.

Shekarar da kogi ya ɓalle ya cinye wani ƙauye a bakin fadama, akwai wata mata, Uwani. Da hantsi ruwan ya shigo, kafin azahar ya tafi da mijinta da 'ya'yanta biyu tana kallo. Ita ta maƙale a reshen tsamiya, ruwa na ƙara hawa.

Jatau masunci ne ya hango ta. Kwalekwalensa ya riga ya cika, na ciki suna roƙonsa kada ya juya, za su nutse. Ya juya. Ya faɗa ruwa ya bar mata wurinsa, ya riƙe gefen jirgin yana iyo har tudu.

A makarantar da aka tsugunar da mutane amai da gudawa ya ɓarke, Uwani ta kamu, idanunta suka faɗa. Ruwan da ake ƙara wa marasa lafiya ya ƙare. Ladidi, malamar asibiti, ta ratsa laka da ƙafa zuwa gari na gaba ta samo, ta yi kwana huɗu a kanta har ta tashi.

Jiki ya warke, amma Uwani ba ta ci, ba ta magana. Wata safiya ta miƙe ta nufi kogi. Iya Kande mai daddawa, wadda ita ma ta rasa komai, ta bi ta tana dogara sanda. Ba ta yi ihu ba, ba ta ja ta ba. Da ruwa ya kai musu gwiwa ta kama bakin zanenta ta ce, "'Yata, in kin shiga zan bi ki, kuma ban iya ruwa ba." Uwani ta tsaya. Sai a lokacin ta fashe da kuka. Wata bakwai tsohuwar tana ba ta abinci a baki, tana barinta ta ambaci sunayen yaranta har ta gaji.

Ashe Uwani na da ciki. Ta haifi ɗa namiji, ta ce wanda ya ba ta ranta shi zai zaɓi suna. An ɗaure rago, liman na jira, ukun suna zaune ba mai kallon wani.

To, wa ya kamata ya zaɓi sunan yaron nan?