Tsuntsayen Gonar Hakimi

An yi wani hakimi da tsuntsaye jan-baki suka sauka a gonarsa kamar hadari, suka cinye geron tas. Ya sa aka kira Nomau mai gadin gonar.

Hakimi ya ce, "Ka ce idonka na kansu. To, yawansu cika ne, mai rabuwa biyu daidai, ko mara ne, mai barin ɗaya? Ka kasa faɗa, jakinka ya zama nawa."

Jakin nan kuwa shi ne duk abin da Nomau ya mallaka. Ya sosa ƙeya ya ce, "Ranka ya daɗe, kawuna zan ƙirga ko? Ka tausaya mini, kar ka ce fukafukai, aikin sai ya ninka."

Hakimi ya yi murmushi. "Fukafukan nake so!"

"Cika ne, ranka ya daɗe."

"Kai! Yaushe ka ƙirga?"

"Ai ba sai na ƙirga ba. Ko sun fi yashin gulbi yawa, kowane na da biyu. Ka ware na dama, ka ware na hagu, ba abin da zai yi saura."

"In akwai mai fiffike ɗaya fa?"

"To, wannan a ƙafa ya zo, kuma yana can bai tashi ba. A kamo shi, in kawo jakin da kaina."

Hakimi ya dubi fadawa. Ya ce, "Tafi da jakinka. Baɗi kawuna zan ce."

Nomau ya ce, "Allah ya kai mu. Ka dai roƙi tsuntsayen su tsaya a layi."